Wai wannan shi ne alherin da ake ta ce min yana tafe?

Ɗan Khartoum:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Dan Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abu ne ya daɗe yana cina a rai kuma a gida ba wanda zan iya tara da shi. Ni ina cikin ɗaliban da aka kwaso daga Sudan a 2023. Ina aji huɗu a karatun likita, ranar Asabar 15 ga Afrilu muna cikin goman ƙarshe na azumi muka tashi da ƙarar harbi, da farko mun ɗauka rigimar kwana biyu ce Burhan shugaban sojin Sudan da Hamidti shugaban dakarun RSF za su sasanta, ashe tafiyar kenan. A ɗaki muka yi sallah ba wuta ba ruwan famfo, ruwan jarka ɗaya muke rabawa mu shida da ƙaramin kofin shayi. Daga baya aka sa mu a bas zuwa bodar Masar, muka yi kwana da kwanaki a cikin rairayi, rana ta gasa mu dare sanyi ya kama mu, kafin jirgi ya ɗauko mu daga Aswan zuwa Abuja a farkon watan Mayu. Jaka ɗaya na dawo da ita. Littattafaina da farar rigata da abin sauraren ƙirji da Baba ya saya min duk suna can.

Mu mutanen wajen Funtua ne, kuma gonar gado Baba ya sayar ya tura ni karatun nan. Da na dawo duk wanda ya zo jaje sai ya ce wani hanin ga Allah baiwa ne, wani jinkirin alheri ne, ina amsawa da baki amma wlh zuciyata tafasa take. Takardun sakamakona suka maƙale, makarantun da na nema a nan suka ce sai dai in koma baya, na zauna a gida wata shida ba na ko son zama a majalisa.

To a watan Nuwamba wata asuba Baba yana alwala a tsakar gida ina daga gefe sai naga buta ta suɓuce daga hannunsa na dama, ya sunkuya zai ɗauka hannun ya ƙi, na kira shi ya juyo sai naga bakinsa ya karkace, magana ba ta fita daidai. Nan take na gane shanyewar ɓarin jiki ce. Maƙwabta suka taru ana cewa iska ce a kawo garwashi a yi hayaƙi, na ce wallahi asibiti za mu yanzun nan, har sai da na ɗaga wa kawuna murya abinda ban taɓa yi ba. Hawan jini ne ashe ya daɗe da shi bai sani ba. Wata goma sha huɗu ina jinyarsa, ni ke juya shi duk bayan awa biyu kar bayansa ya yi gyambo, ni ke ba shi kunu da cokali, ni ke kai shi gashi, da harshensa ya ɗan saki ba ya kirana da sunana sai dai ya ce "likitana". A Janairun 2025 ya rasu kansa a kan cinyata.

Yanzu na samu wata jami'a na koma aji biyu, ina zama da yaran da na girme su da shekara biyar. Tambayata ita ce, wai wannan jinyar ita ce alherin? Don wani lokacin in na ce alhamdulillah da na dawo sai in ji kunya ta kama ni, yaƙin da ya kashe dubban mutane ya raba miliyoyi da gidajensu, ni in zauna in ce alheri ne saboda na samu na yi jinyar mahaifina? Kuma har yanzu in na tuna gonar nan sai inji wani abu ya tokare min ƙirji. Wannan rashin tawakkali ne?

Maman Hanifa:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Baba ya sa jinya ta zama kaffara. Ƙanina wlh sai da na yi hawaye a wajen "likitana" ɗin nan. Kai da ka samu ka wanke mahaifinka ka ciyar da shi da hannunka wata goma sha huɗu, akwai masu digiri uku a Ingila da ta waya aka gaya musu rasuwar nasu, ko jana'iza ba su samu ba. Ni dai a gurina wannan alheri ne ba ko tantama.

Abu Sumayya:
Amin. Ayar a fili take a Baƙara ta 216, za ku iya ƙin abu alhali shi ne alheri gare ku, Allah ya sani ku ba ku sani ba. Ka rungumi ƙaddara kawai ka daina waɗannan tunane-tunanen, shaiɗan ne.

Gaskiya Ɗaci:
Allah ya jiƙan mahaifinka ɗan'uwa. Amma ni dai ku yi min uzuri, wannan maganar ta "alheri ne" ita ta kwantar da mu a arewa. Komai aka yi mana sai a ce ƙaddara. ASUU ta tafi yajin aiki daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba a 2022, wata takwas cur, kafin nan a 2020 an yi wata tara, ni karatun shekara huɗu sai da na yi shida, kuma duk wanda na yi wa ƙorafi sai ya ce wani jinkirin alheri ne. To me ya tura yaron nan Sudan tun farko har mahaifinsa ya sayar da gona? Ba don gurbin karatun likita ya yi kaɗan a nan ba kuma ba ka san ranar gamawarka ba? Janar biyu suna rigimar kujera sun rusa ƙasa, shugabanni sun kasa riƙe jami'o'i, sai mu kuma mu zo mu lulluɓe abin da ayoyi. Ba na jayayya da aya wlh, ina jayayya da yadda muke amfani da ita.

Abu Sumayya:
Malam ka iya bakinka, wannan hanyar da ka ɗauko ba ta ɓullewa. Kana nufin akwai abinda ke faruwa ba da nufin Allah ba?

Gaskiya Ɗaci:
Ban faɗi haka ba kuma ka sani. Kar ka sa min magana a baki dan Allah.

Admin (Yaya Babba):
A yi a hankali jama'a, mai tambaya maraya ne yana cikin ciwo, ba gurin gwada ilimi muka zo ba. Malam na Zage in kana kusa muna buƙatarka.

Malam na Zage:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa mahaifinka, kai kuma ya saka maka da 'ya'yan da za su yi maka fiye da haka.

Abu Sumayya, Allah ya saka da alheri amma kar mu ce masa shaiɗan ne. Baƙin ciki ba rashin imani ba ne. Annabi Yaƙub ya yi kukan Yusuf har idanunsa suka yi fari, kuma shi ne ya ce haƙuri mai kyau, duka biyun a sura ɗaya suke. Manzon Allah SAW da ɗansa Ibrahim ya rasu ya zubar da hawaye ya ce ido yana hawaye zuciya tana baƙin ciki amma ba ma faɗin abinda ba zai yardar da Ubangijinmu ba. Saboda haka ɗana, wannan abin da ke tokare maka ƙirji in ka tuna gona, ba shi ke fitar da kai daga tawakkali ba.

Shi kuma Gaskiya Ɗaci yana da gaskiya a rabin maganarsa. Ƙaddara ba ta wanke azzalumi. 'Yan'uwan Annabi Yusuf da suka jefa shi rijiya, ƙarshen abin ya zama ceto ga Masar da su kansu lokacin fari, amma hakan bai mayar da jefawar aikin lada ba, sai da suka zo suka ce mun kasance masu laifi suka nemi gafara. To haka yaƙin Sudan, zalunci ne kuma waɗanda suka kunna shi za su amsa tambaya kan kowane rai. Ba a yi yaƙin domin ka yi jinya ba. Amma Allah da ikonsa ya zaro maka wani abu daga cikin wannan wutar ya miƙo maka, in ka gode masa a kan abinda ya miƙo maka ba yaƙin ka gode wa ba. Ka raba biyun nan a zuciyarka za ka samu sauƙi.

Kuma Sayyidina Umar da ya nufi Sham aka gaya masa annoba ta ɓarke ya juya da mutane, Abu Ubaida ya ce gudun ƙaddarar Allah za ka yi? Ya ce eh, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Kai ma ranar da ka ƙi hayaƙi ka ce asibiti, abinda ka yi kenan.

Gaskiya Ɗaci:
Malam in haka ake bayani ni ba ni da ja. Matsalata da masu cewa ka yi shiru ne kawai. Allah ya ƙara lafiya.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum, Allah shi jiƙan tsoho. Ni ɗan kasuwa ne ba malami ba amma bari in faɗi nawa. Albasa nike ɗaukowa daga wajen Galmi in kai Najeriya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar CEDEAO, wato ECOWAS, ta sa muna takunkumi aka rufe iyaka, ina da kamyo guda cike tsaye, kwana tara, damina ce kuma, kun san albasa da laima, da muka kwance buhunnan ruwa ke zuba daga ƙasa, wari ko kusa ba ka iya tsayawa. Jarina duka da bashin mutane. Na yi wata ukku ban fita gida ba don kunyar masu bina. Wani abokin mahaifina ne ya kira ni ya ce zo ka riƙe mini shagon hatsi tunda kana zaune, na tafi ba don ina so ba, ni da nike da yara ƙarƙashina na koma yaron shago. Sai a watan Maris na 2024 aka buɗe iyaka. Yau shekara biyu ke nan ban gama biyan bashi ba, saura kaɗan, kuma ban koma yadda nike da ba, kar in yi muku ƙarya. Amma ina kwana gida kullum, da can sai in yi sati ukku bisa hanya, ɗiyata ta fari ba ta ma san ni ba sosai. Yanzu ni ke kai ta lakkwal da safe. Ban sani ba ko shi ne musanyar, ni dai na ga kamar Allah ba ya maido ma abinda ya ɗauka da irin kamarsa, sai ya kawo wani abu daban da ba ka ma roƙa ba, shi ya sa mutum ke daɗewa bai gane shi ba.

Maman Hanifa:
Wannan gaskiya ne Ɗan Maraɗi. Kamar addu'ar Ummu Salama da mijinta ya rasu, Allah ka ba ni lada a musibata ka musanya min da mafi alheri, ita da kanta tana cewa wa ya fi Abu Salama, ba ta hango komai ba lokacin da take faɗa, sai ga Manzon Allah SAW ya aure ta. Ni aurena na farko an kawo lefe an sa rana saura sati uku aka fasa, har an raba kati, na yi shekara ban je bikin kowa ba. Ba zan ce komai a kan mutumin ba Allah ya ba shi lafiya, amma shekara huɗu na yi kafin na iya cewa alhamdulillah da gaske ba ta fatar baki ba. Shekara huɗu fa. Don haka ƙanina kar ka matsa wa kanka sai ka ji daɗi yau.

Saratu Wusasa:
Sannunku. Ni Kirista ce amma ina zauren nan tun farko kuma labarin ya taɓa ni. Mu ma muna da labarin Yusufu, a ƙarshen littafin Farawa ya ce wa 'yan'uwansa kun nufe ni da mugunta amma Allah ya nufi abin da alheri. Abinda nake lura da shi kullum shi ne sai a ƙarshe ya faɗi haka, bai faɗa a rijiya ba bai faɗa a kurkuku ba. Ni nas ce shekara goma sha ɗaya, kuma ina gaya maka ɗalibin da ya taɓa juya mara lafiya da hannunsa da tsakar dare ya san warin gyambon kwanciya, ba irin sauran likitoci zai zama ba. Muna ganinsu a wodi, wanda ya taɓa jinya daban yake yi wa masu jinya magana. Allah ya ta'azantar da ku.

Ɗan Khartoum:
Na gode Anti, na gode Malam, wlh ina karantawa ina kuka. Maganar raba biyun nan ban taɓa tunaninta haka ba. Amma har yanzu ina jin nauyin mutanen can, ni na samu jirgi ya ɗauko ni, su fa?

Takari na Madani:
Salam ya jama'a, ku yi haƙuri Hausata ta Sudan ce kuma netwok a nan sai a hankali, tun jiya nake son in rubuta. Ya akhi Ɗan Khartoum, ni ina cikin "su" ɗin da kake tambaya. An haife ni a Wad Madani, da yaƙi ya fara mutanen Khartoum gurinmu suka gudo, gidanmu mun sauke iyali uku. Sai a Disamba 2023 Da'am Sari, wato dakarun RSF na Hamidti, suka shigo Madani mu ma muka fita, da ƙafa da bayan lori har Gadarif, uwata tana da sukari, insulin ɗinta a cikin tulun ƙasa ƙarami na riƙe don kar zafi ya ɓata shi. Ƙanina ya tsaya ya tsare shago ya ce zai biyo mu bayan kwana biyu. Har yau ba mu san inda yake ba. Jesh, wato sojojin gwamnati, sun karɓe Madani a Janairu 2025, na koma na duba, shagon babu ko ƙofa, ba wanda ya ba ni labari tabbatacce.

In ka tambaye ni ina alherin a cikin wannan, wallahi ban gani ba, kuma ba zan yi ƙarya in ce na gani ba. Wanda duk ya zo ya ce wa uwata ɓatan ɗanta alheri ne ba zan bar shi ya gama maganar ba. Amma ban yanke ƙauna ba, kuma ga dalilina. Kakannina daga ƙasarku suka zo. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a suka yi gabas, shekaru suna tafiya suna binne mutane a hanya, har suka sauka bakin kogin Nilu kusa da Sinnar, garin da ake kira Mai Wurno har yau. Kakata tana ba mu labari cewa uwarta a goye aka fito da ita. Waɗanda suka faɗi a Burmi ba su ga Mai Wurno ba, waɗanda suka mutu a hanya ba su ga gonakin Jazira ba, jikoki ne suka gani, mu ne muka yi karatu muka yi masallatai muka yi kasuwa a nan. To ni na ɗauka sannu-sannun Allah wani lokaci ta fi tsawon ran mutum ɗaya, wani kuma sai a lahira za a nuna masa. Annabi Musa ma da yake tare da Khidr an huda jirgi a gabansa bai gane ba sai da aka fassara masa, mu kuma ba mai fassara mana yanzu.

Kai an nuna maka naka da wuri, a cikin wata shida, ka riƙe shi da hannu biyu. Kar ka ji kunyarmu. Wallahi da na karanta cewa mahaifinka ya rasu a kan cinyarka daɗi na ji, na ce to ko ba komai wannan yaƙin bai cinye kowa duka ba. Ka gama karatun, Sudan za ta buƙaci likitoci in an zauna, asibitocin Khartoum da yawa sun lalace, ka zo ka yi mana ko wata shida ne.

Abu Sumayya:
Subhanallah. Na janye maganata ta farko, na yi gaggawa. Allah ya bayyana ƙaninka ya Takari, ya ba Hajiya lafiya.

Gaskiya Ɗaci:
Allah ya bayyana shi cikin aminci. Allah ya isa tsakaninku da duk wanda ya jawo muku wannan.

Malam na Zage:
Amin. Za mu sa shi a addu'a bayan karatun magariba yau insha Allah, kuma duk wanda ke da hali ya yi masa a sujada.

Ɗan Khartoum:
Ya Takari ban san me zan ce maka ba. Insha Allah in Allah ya ara min rai zan zo, na yi maka alkawari a gaban 'yan zaure. Allah ya haɗa ku da ƙaninka.

Akwai abu ɗaya da nake son tambayarka in ba damuwa. A bakin titin hostal ɗinmu akwai wata tsohuwa Bahaushiya mai sayar da shayi da jabana, wato gahawar Sudan, a ƙarƙashin bishiya, muna ce mata Hajja, ta ce min asalinsu mutanen Sinnar ne. In kuɗina suka yanke kafin Baba ya turo takan ba ni shayi da zalabiya bashi ta ce in na zama daktor na biya. Ranar da za mu hau bas ban ganta ba, kujerunta ne kawai a kife. Ina da bashinta na sati biyu. Zan turo maka sunan unguwar da kwatancen gurin ta inbox, ko akwai wani naku da ya koma Khartoum tunda aka ce mutane sun fara komawa, ya ɗan tambaya min ita.

Takari na Madani:
Turo. Ɗan ammina, wato ɗan ɗan'uwan babana, yana tuƙa bas tsakanin Madani da Khartoum yanzu, ranar Alhamis zai shiga, zan ba shi kwatancen.